Tsofaffin Soja: Hotunan da Suka Bari da Ciwon da Suka Komo da Shi

Da wuya a sami kanto ɗaya a kudancin Nijar, daga Dogondutsi har Gure, inda ba a ɗauki soja ba a zamanin mulkin Nasara. Samari ne, ƴaƴan manoma da makiyaya. An ɗauko su daga gona da bayan garke, an sa musu kaki da jar hula, an kai su ƙasashen da ba su taɓa jin sunansu ba. Wasu sun komo gida. Wasu ƙasar can ta rufe su.

Yau saura ƙalilan daga cikinsu. Wanda yake da shekara 20 a 1944, in yana da rai, ya wuce shekara 100. Wanda ya yi yaƙin Aljeriya ya wuce 80. Abin da ya rage a gidaje da yawa shi ne hoto guda, da karnen soja, da lambar girma a ƙasan akwatin ƙarfe. Gara da laimar damina suna cin su sannu sannu. In hoto ya lalace, kuma wanda ya san labarin ya rasu, to sunan mai hoton ya ɓace ke nan.

Akwai dalili na biyu da ya sa maganar nan ta shafi kowa. Har yanzu samari suna komowa ƙauye daga fagen fama. Ciwon da ya addabi kakanninsu, wanda mutanen da ba su san sunansa ba, yanzu likitoci sun san shi, kuma yana da magani.

Su wane ne tiraye?

Faransawa sun kafa rundunar baƙaƙen soja a Senegal a shekarar 1857, zamanin gwamna Faidherbe. Shi ya sa ake kiransu tirayen Senegal, ko da mutum Bahaushe ne, ko Bazabarme, ko Babarbare, ko Bambara. Da hannunsu Faransa ta ci ƙasashen Afirka ta yamma. Gaskiya ce mai ɗaci, amma ba ta ɓoyuwa. Ayarin Voulet da Chanoine, wanda ya ƙone Birnin Ƙonni kuma ya yaƙi Sarauniya a Lugu a 1899, yawancin masu riƙe da bindiga a cikinsa baƙaƙe ne. Su ne kuma daga baya suka juya suka harbe shugabannin nan biyu kusa da Maijirgi, a ƙasar Tasawa.

A yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, Faransa ta ɗauki baƙaƙen soja kusan 200,000. Wajen 30,000 ba su komo ba. Ba harsashi kaɗai ya kashe su ba, har da sanyi da ciwon huhu. A watan Afrilu na 1917, a wani tudu da ake kira Chemin des Dames, an tura su gaba cikin ruwa da ƙanƙara. Yatsunsu sun ƙandare har wasu ba su iya riƙe bindiga. Dubbai suka faɗi cikin ƴan kwanaki.

A 1919 aka yi dokar da ta mai da aikin soja tilas, shekara 3. Kowace shekara kumandan yakan faɗa ma sarki yawan samarin da zai kawo. Likita ya duba su, ya auna tsawo da ƙirji, sa'an nan a yi ƙuri'a. Sau da yawa ɗan talaka da ɗan bawa ake turawa a madadin ɗan mai hali. Samari da yawa sun gudu, sun ƙetare iyaka zuwa Katsina da Daura da Sakkwato, ƙasar da Ingilishi ke mulki. Wasu daga cikin masu ƙetarewa sun ƙare a sojan Ingilishi, inda Hausa ce harshen bariki. Sojan nan ne aka kai Bama a yaƙin duniya na biyu.

Yaƙin Jamus

A watan Mayu da Yuni na 1940 sojan Hitila suka mamaye Faransa. Tiraye suna cikin waɗanda suka tsaya har ƙarshe. Jamusawa, waɗanda tsofaffin soja ke kira Alman, an koya musu ƙin baƙar fata. A wurare da dama sun ware baƙaƙen fursunoni daga farare, sun harbe su. A ƙauyen Chasselay, kusa da birnin Lyon, ranar 20 ga Yuni 1940, an kora tiraye kusan 50 cikin wani fili, tankokin yaƙi suka buɗe musu wuta. A nan aka gina maƙabarta mai jar katanga irin ginin Afirka, inda tiraye 188 ke kwance.

Waɗanda ba a kashe ba an tsare su a sansanonin fursuna cikin ƙasar Faransa kanta, wasu har shekara 4. Sun yi aikin gona da saran itace cikin yunwa da sanyi. Tarin fuka ya kashe da yawa. Léopold Senghor, wanda daga baya ya zama shugaban Senegal, yana cikin fursunonin nan.

Ranar 15 ga Agusta 1944 rundunar Faransa ta sauka daga jiragen ruwa a kudancin ƙasar. Ƴan Afirka, baƙaƙe da Larabawa, suna da yawa ƙwarai a cikinta. Sun ƙwato Tulon da Marsai kafin watan ya ƙare. Amma da sanyi ya gabato, sai aka janye baƙaƙen soja wajen 20,000 daga fagen yaƙi. Aka karɓe kayansu da makamansu aka ba samari farare. Ta haka, lokacin da aka ɗauki hotunan nasara, yawancinsu ba su wurin.

Abin da ya fi ciwo ya faru a gida Afirka. A watan Nuwamba na 1944 jirgin ruwa ya sauke tsofaffin fursunoni sama da 1,000 a Dakar, daga ƙasashe daban-daban na Afirka ta yamma. Aka ajiye su a barikin Caroy, wanda Nasara ke rubutawa Thiaroye. Suka ce ba za su hau jirgin ƙasa ba sai an biya su albashin shekarun da suka yi a tsare. Da asubar 1 ga Disamba aka tara su, aka buɗe musu wuta. Takardun soja na lokacin sun ce mutum 35 suka mutu, wata takarda ta ce 70. Wasu masana tarihi sun ce sun kai 300 ko 400. An kuma ɗaure 34 daga cikin waɗanda suka tsira. Sai a watan Nuwamba na 2024, bayan shekara 80, shugaban Faransa ya amsa a rubuce cewa kisan gilla ne.

Indoshin da Aljeriya

Yaƙin Jamus yana ƙarewa, wani ya tashi a Indoshin, ƙasar da ake kira Biyatnam yanzu. An yi shi daga 1946 zuwa 1954. Baƙaƙen soja kusan 60,000 suka je can. Yaƙi ne na fadamar shinkafa da kurmi. Ruwa har gwiwa, ga matsattsaku, ga zazzaɓi, kuma ba a ganin abokin gaba sai ya harba. Faransa ta sha kashi a Diyan Biyan Fu ranar 7 ga Mayu 1954. A shekarar nan kuma yaƙin Aljeriya ya fara, bai ƙare ba sai 1962. A can an sa Musulmi ya ɗaga bindiga a kan Musulmi ɗan'uwansa mai neman ƴancin ƙasarsa. Nauyin wannan ya daɗe a zuciyar da yawa. Janar Saini Kunce, wanda ya shugabanci Nijar daga 1974 zuwa 1987, ya yi aikin soja a Indoshin da Aljeriya duka.

Ɗan Nijar guda ya bar shaida wadda duniya ta gani. Shi ne Umaru Ganda, haifaffen Yamai a 1935. Ya shiga soja yana ɗan shekara 16, aka kai shi Indoshin. Da ya komo bai sami aiki ba, sai ya tafi Abijan yana dako a bakin teku. Daga baya ya zama mai shirya silima. Fim ɗinsa Cabascabo, wanda aka nuna a bikin silima na Cannes a 1969, labarin tsohon soja ne da ya komo daga Indoshin da kuɗi a aljihu. Abokai da maroƙa suka kewaye shi. Da kuɗin suka ƙare, kowa ya watse. Yana yawon neman aiki, yaƙin yana dawo masa a ido. Daga ƙarshe ya kama hanyar ƙauye don ya koma noma. Umaru Ganda da kansa ya fito a matsayin sojan. Ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981.

Abin da hoto ke nunawa da abin da yake ɓoyewa

Yawancin hotunan da ke cikin akwatuna a shagon mai hoto aka ɗauke su, a Dakar, ko Marsai, ko Saigon, ko garin Fréjus inda ake ajiye tiraye lokacin hunturu. Soja yakan wanke kakinsa, ya gyara jar hula, ya ɗaura jar ɗamara. In yana da galo na kafaran ko sarjan, sai ya juya hannu yadda za a gan shi. Ya tsaya ƙyam, ko ya dafa kafaɗar abokinsa. Hoton nan saƙo ne zuwa ga uwa da uba da budurwa, don su san yana da rai kuma bai wulaƙanta ba. Wanda bai iya rubutu ba, hoto ne wasiƙarsa.

Saboda haka hoton bai nuna ramin da aka kwana cikinsa ba. Bai nuna yunwa ba, bai nuna gawar aboki ba. Mai duban hoton kaka ya tuna cewa rana mafi kyau ce aka zaɓa.

Akwai kuma hoton da Nasara suka yi don kansu. Tun 1915 wani kamfanin garin koko mai suna Banania ya sa zanen tiraye a kan gwangwaninsa, yana dariya baki har kunne kamar yaro. Shekaru da yawa wannan fuska ce yaran Faransa suka sani, ba fuskar mutumin da ya kwana cikin ƙanƙara ba.

Wani lokaci kuma hoto yakan zama shaida. A 2019 aka gano hotuna 8 da wani sojan Jamus ya ɗauka a Chasselay ranar da aka yi kisan. An ga tiraye hannu a sama, an ga tankokin. Da hotunan nan masana suka gane rundunar da ta yi aikin, bayan kusan shekara 80 ana zargin wata daban. Takarda ƙarama da aka manta cikin akwati ta gyara tarihi. Hoton da ke ɗakin wata tsohuwa a Madawa ko Magarya shi ma yana iya yin irin wannan aiki.

Ciwon da ba ya jini

Mutanen ƙauye sun san halin wasu tsofaffin soja. Wani ba ya barci, sai ya kwana zaune a ƙofar gida. Wani in aka yi tsawa da damina sai ya faɗi rub da ciki. Wani yakan tashi cikin dare yana ihu da Faransanci, yana ba da oda. Wani ba ya son ganin yanka ranar Layya. Wani mai haƙuri ne kafin ya tafi, ya komo da saurin fushi. Wani ya kama giya. Wani kuma ya yi shiru, har ya mutu bai taɓa ba ƴaƴansa labarin inda ya je ba.

Jama'a sukan ce soja ya taɓa masa kai, ko iska ta shige shi, ko an yi masa sammu. Yara sukan bi shi suna sara masa don ba'a. Ba mugunta ce ta sa haka ba, rashin sani ne.

Ga yadda likitoci suka bayyana abin. In mutum ya gamu da haɗari, zuciya takan buga da ƙarfi, jiki ya yi shirin gudu ko faɗa. Allah ne ya halicci jiki haka don ya tsira. In haɗarin ya wuce, jiki yakan kwanta. Amma wanda ya daɗe cikin tsoron mutuwa, ko ya ga abin da ya fi ƙarfin zuciya, wani lokaci jikinsa ba ya kwantawa. Ƙwaƙwalwa tana nan tana gadi, kamar makiyayin da kura ta taɓa shigar ma garke, ko ganye ya motsa sai ya zabura. Ƙarar babur, ko warin hayaƙi, ko ƙofa da ta bugu, sun isa su mai da shi ranar da abin ya faru. Yakan ga abin a gabansa kamar yanzu ake yi.

Alamun ciwon huɗu ne. Na farko, abin da ya wuce yana dawowa cikin mafarki ko ido biyu. Na biyu, mutum yana gudun duk abin da zai tuna masa, wuri ko magana ko mutane. Na uku, zuciya ta yi nauyi, yana ganin laifin kansa, ba ya jin daɗin komai, har ƴaƴansa. Na huɗu, kullum a firgice yake, ga rashin barci, ga fushi. In alamun nan suka wuce wata ɗaya suna hana shi aiki da zaman lafiya da iyali, to ciwo ne da ke bukatar likita. Wani yakan fara shi da komowarsa. Wani sai bayan shekaru, har cikin tsufa, lokacin da ƙarfin aiki ya ƙare kuma tunani ya sami wuri.

Ba kowane soja yake kamuwa ba. Da yawa sukan warware da kansu in sun sami iyali mai riƙe su da sana'ar yi. Wanda ya kamu kuma ba rago ba ne. Jarumai masu lambar girma sun kamu. Ciwon nan bai tsaya ga soja ba. Manomin da ƴan bindiga suka shigar ma ƙauye, da matar da aka kashe mijinta a gabanta, da yaron da ya gani, duk suna iya kamuwa.

Duniya ta daɗe kafin ta yarda da wannan. A yaƙin duniya na farko an ga sojoji suna rawar jiki, wasu bakinsu ya rufe, aka ce ƙarar bam ce ta girgiza su, wasu manya kuma suka ce tsoro ne kawai. Frantz Fanon, baƙin likita da ya yi aiki a asibitin Blida a Aljeriya, ya rubuta a 1961 yadda yaƙi ke lalata hankalin wanda aka azabtar da na wanda ya yi azabar. Sai a 1980, bayan yaƙin Amurka a Biyatnam, likitocin Amurka suka sa ciwon cikin littafinsu da sunansa. Faransa ta yi doka a 1992 da ta ce rauni ne na yaƙi kamar raunin harsashi. A lokacin yawancin tirayen yaƙin Jamus sun riga sun rasu, ko sun tsufa a ƙauyukansu ba wanda ya duba su.

Maganar fansho

A kan ciwon zuciya aka ƙara ciwon rashin adalci. A watan Disamba na 1959, da Faransa ta ga ƙasashen Afirka za su sami ƴanci, sai ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojan waɗannan ƙasashe. Na Bafaranshe yana hawa kowace shekara, na ɗan Afirka yana tsaye inda aka bar shi. Bayan shekaru, mutum biyu da suka kwana rami ɗaya, ɗaya yana karɓar kashi ɗaya cikin uku na abin da ɗayan ke karɓa, a wasu ƙasashe ma kashi ɗaya cikin goma.

Tsofaffin soja ba su yi shiru ba. A 1989 wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba tsofaffin sojan Senegal sama da 700 gaskiya. A 2001 babbar kotun Faransa ta ba wani tsohon sarjan mai suna Amadu Diop gaskiya, amma ya riga ya rasu. An gyara wani sashe a 2007, sauran kuma a 2011. An yi shekara 50 ana jira. Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ranar ta zo, amma ta tarar da yawancin masu haƙƙi a kabari.

Samarin yau

An kafa rundunar sojan Nijar a 1961, shekara ɗaya bayan samun ƴanci. Ƴaƴanta sun je Saudiyya lokacin yaƙin Gulf na 1991, sun yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kodebuwa da Mali. Daga 2015 yaƙi ya shigo jihar Difa. Ranar 10 ga Disamba 2019 soja 71 suka rasu a Inates. Ranar 9 ga Janairu 2020 wasu 89 suka rasu a Sinagodar. A kowane wuri irin wannan akwai waɗanda suka tsira, suka ɗauki gawar abokansu da hannunsu. Su ma ƴaƴan manoma da makiyaya ne, kuma gida suke komowa.

Ga abin da iyali za su yi ma wanda ya komo da alamun nan.

Kada a yi masa ba'a, kuma a hana yara. Kada a ce masa ya manta, don ba da sonsa yake tunawa ba. Kada a matsa masa ya ba da labari a gaban taro. In ya fara magana da kansa, a saurara, kada a katse shi, kada a yanke masa hukunci.

Kada a tashe shi daga barci da taɓawa. A kira sunansa daga nesa, da murya mai sanyi. In abin ya taso masa ido biyu, a faɗa masa inda yake da wanda ke gabansa, a ba shi ruwa, a bar shi ya huce.

A jawo shi cikin aiki da jama'a. Gona, da kiwo, da gayya, da sallar jam'i, da zaman hira da tsofaffin soja irinsa suna rage kaɗaici. Wanda ya ga abin da ka gani ba ya bukatar dogon bayani.

A nisanta shi da giya da wiwi da tiramol da ƙwayoyin barci na masu talla. Suna kwantar da zuciya dare ɗaya, su ƙara ciwon gobe.

A kai shi gidan likita. A fara da majo na likitar da ke kusa, a faɗa masa gaskiya duka, shi zai tura gaba. A babbar likita ta Yamai akwai sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa, kuma soja suna da nasu likitoci. Babban maganin shi ne zama da wanda ya koyi aikin, ana bin labarin sannu sannu har ya daina firgita mai shi. Wani lokaci akan haɗa da ƙwayoyi, kuma likita kaɗai ke rubuta su. Addu'a da zuwa likita ba su hana juna. Amma kada a ɗaure shi da mari, kada a doke shi da sunan fitar da iska. Wannan yana ƙara tsoron da ake son cirewa.

In ya ce ya gaji da duniya, ko ya yi maganar kashe kansa, kada a ɗauka wasa ne. Kada a bar shi shi kaɗai. A ɗauke bindiga da wuƙa da igiya da maganin ƙwari daga inda zai kai hannu, a kai shi likita a ranar.

A kuma tuna da matarsa da ƴaƴansa, don su ne ke kwana da ciwon. In ya fara duka, ciwo ba hujja ba ne. Manyan gida su shiga tsakani, su kare matar, su kai shi magani.

Yadda za a adana hoto da labari

A fiddo hotuna da karne da lambobin girma da rani, a kakkaɓe su da busasshen ƙyalle. Kada a sa musu ruwa. Kada a rataye tsohon hoto inda rana ke bugawa, don rana tana cinye fuska. A sa farar takarda tsakanin hoto da hoto, a ajiye su cikin gwangwani mai murfi. A ɗora gwangwanin a sama, nesa da ƙasa da bango, saboda gara da laima.

A bayan hoto a rubuta da fensir, ba da bik ba, don tawada tana ratsa takarda. A rubuta sunan sojan, da sunan ubansa, da ƙauyensa, da shekarar da aka ɗauke shi, da inda ya je. Abin da ya fi muhimmanci shi ne lambarsa ta soja, wadda ke cikin karne. Da lambar nan ake neman takardun mutum. Takardun aikin ƴan Afirka da suka yi ma Faransa soja suna ajiye a garin Pau, na waɗanda suka mutu ko aka kama a yaƙin Jamus kuma suna garin Caen.

Mai salula ya ɗauki hoton hoton, gaba da baya, cikin inuwa mai haske. Ya tura ma ƴan'uwa biyu ko uku, don in salula ɗaya ta ɓace, hoton yana nan. Kada a sayar ma baƙo da hoton asali ko lambar girma. Kuɗin sukan ƙare a kasuwa ɗaya.

In tsohon yana da rai kuma ya yarda, a ɗauki muryarsa. A tambaye shi abu mai sauƙi tukuna: wa ya raka shi ranar tafiya, me suka ci a jirgin ruwa, su wa ke tsaye tare da shi a hoton. In ya kai inda ba ya so, a tsaya. In ya rasu, a tambayi matarsa ko ƙanwarsa, don mata sun riƙe labari da yawa da ba a taɓa tambayarsu ba. A Yamai akwai cibiyar IRSH da cibiyar CELHTO, waɗanda aikinsu ya haɗa da tattara tarihin baka.

Wannan aiki ne da ɗaliban karatun manya za su iya. Wanda ya koyi rubuta sunansa zai iya rubuta sunan kakansa. Kowane aji ya sami kaye ɗaya, a bi gida gida, a rubuta sunayen duk waɗanda aka ɗauka soja daga ƙauyen, da waɗanda suka komo da waɗanda ba su komo ba. A ajiye kayen wurin mai gari ko malamin makaranta. Rani ne lokacin yin sa, kafin ruwa ya sauka kowa ya koma gona.